Inuwar da Hafizu ya sare

Akwai wani ɗan kasuwa a Maraɗi mai suna Hafizu, mai sayar da atamfa da shadda. Allah ya buɗa masa, amma yana da hali guda mai ban haushi. In dai ya ga abu a waya, to an gama magana, ko uwar da ta haife shi ba ta isa ta gyara masa ba.

Mahaifinsa, marigayi Malam Idirisa, mai garka ne a Jiratawa. Yana noman albasa da salati kamar kowa, amma da na'ana'a aka san shi. Wata iri ce mai ƙananan ganye da jan kara, in aka jefa reshe ɗaya a butar shayi sai maƙwabta sun sani. Shekara arba'in bai nemi iri a wajen kowa ba. Saiwa yake tsagawa ya dasa, in ta yi ƙarfi ya sake tsagawa.

Da Malam ya rasu aka raba gado, garkar ta koma hannun wasu. Matarsa Inna Tasalla ba ta ɗauki komai daga ciki ba sai saiwar na'ana'ar nan a tsohuwar tukunyar ƙasa. A cinyarta ta riƙe ta ranar da Hafizu, autanta, ya tafi da ita sabon gidansa a Maraɗi.

A tsakar gidan akwai tsohon iccen bedi, wato dogon yaro, da aka tarar a filin. Kwana uku Inna ba ta dasa komai ba, tana zaune tana kallon yadda inuwa ke tafiya daga safe zuwa la'asar. A rana ta huɗu ta haƙa ƙasa a gabashin iccen ta sa na'ana'a. Wata ɗoɗɗoya da ta tarar a gidan kuwa, ta kai ta can jikin katanga inda rana ke wuni.

Fadila, matar Hafizu, ta tambaye ta dalili.

Inna ta ce, "Kowace da halinta, ɗiyata. Ɗoɗɗoya rana take so, in kin ɓoye ta sai ta rame. Wagga kuwa ranar safe ta ishe ta, da hantsi ya ɗaga inuwa take nema. Ruwa kuma da sassafe ko da marece. Kar ki kuskura ki ba ta da tsakar rana."

Cikin wata uku na'ana'ar ta bazu ta yi shar. Nan Inna ke shimfiɗa tabarmarta. Kullum bayan la'asar sai ta dafa shayi yadda take dafa wa Malam, ta sha a hankali tana jan carbi.

Ana nan sai Hafizu ya ga bidiyon wani gida da aka shimfiɗe tsakarsa da karo, wato tayil, an jera tukwanen shuka a bakin ƙofa. Shi ke nan, bedi ya zama abokin gabarsa. Yau ganye ya ɓata masa fili, gobe tsuntsaye sun ɓata masa mota.

Ya sami Inna a kan tabarma ya ce, "Inna, za a sare iccen nan a sa karo. Ganyayyakinki za a zuba su a tukwanen roba masu kyau, a jera bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya gani."

"Auta, bazara muke ciki. In ka fidda na'ana'ar ga cikin rana, ba ta kwana bakwai."

"Haba Inna, wannan tunanin ƙauye ne. Masana sun ce kowane ganye sai ya sha rana awa shida. Ga shi nan a waya."

"Su masanan sun taɓa tsayawa cikin ranar Maraɗi da azahar?"

Sai ya tuntsire da dariya, ya ce Inna akwai barkwanci, ya shiga motarsa.

Jama'a, dariyar nan ita ta fi ƙona mini rai a duk labarin. Matar da ta yi shekara arba'in tana ɗaukar ruwa a bayan mai shukar, ita ake nuna wa waya.

 Washegari babbar 'yar Inna, Balkisu, da ke aure a Tsibiri, ta zo gaishe ta. Inna ta tsaga saiwa kaɗan, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa mata a jaka.

Ranar Asabar aka sare bedi. Aka shimfiɗa karo fari tas, aka jera baƙaƙen tukwanen roba. Ɗoɗɗoya ta ji daɗinta, ta ƙara kore. Hafizu ya dinga nuna ta yana cewa, "Inna, kin ga aikin ilimi ko?"

Bai kalli ta kusa da ita ba. Kwana biyu ganyen na'ana'a ya langaɓe, bakinsa ya yi baƙi. Da Fadila ta nuna masa, sai ya jawo tiyon da ya wuni cikin rana ya kwarara mata ruwa da azahar. Ruwan nan da ɗuminsa ya isa wanka. A rana ta shida ba abin da ya rage sai busassun tsinkaye.

Ya ce, "To mene ne? Na'ana'a ce fa. Kasuwa cike take da ita."

Ya sa aka sayo dami guda. Inna ta shinshina, ta yi godiya, ta ajiye. Daga ranar ba ta sake ɗora butar shayi a gidan ba.

Wurin zama ma ya gagare ta. Karo na ƙona ƙafa tun ƙarfe goma, sai ta wuni a ɗaki ita da fanka kamar mai jinya. Bayan mako uku ta ce a kai ta Tsibiri ta yi kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata huɗu.

Magana ta fara yawo a kasuwa: me aka yi wa tsohuwa ta bar gidan karo ta koma gidan ƙasa? Kunya ce ta tura Hafizu Tsibiri, ba nadama ba. Amma yana yin sallama ƙamshin ya tarye shi. Ga Inna a gindin mangwaron Balkisu, ga na'ana'a mai jan kara ta bazu a gefenta, buta na kan gawayi. Nan take ya tuna hannun mahaifinsa yana miƙa masa kofi a garka. Sai ya durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi kuskure. Ki yi haƙuri ki dawo gida."

Ta zuba masa shayi ta ce, "Na yafe maka tun ranar, Auta. Amma ina za ka aje mu, ni da na'ana'ar ga? Ran da inuwa ta samu a gidanka, ka zo ka ɗauke mu."

Ya koma da gudu, ya sa aka fasa karon tsakar gida, ya dasa ɗan bedi. Safe da marece shi da kansa ke ba shi ruwa, yana auna tsayinsa da jikinsa. Ya sare wancan cikin awa biyu, wannan kuwa sai ya ga dama yake ƙara taku.

A damina ta biyu, iccen ya kawo masa kafaɗa, Balkisu ta kira shi tana kuka. Zazzaɓin kwana uku, Inna ta rasu.

Yau shekara shida ke nan. Bedin ya wuce katanga, inuwa ta cika tsakar gida. Balkisu ta ba shi saiwa, ya dasa a gabashin iccen, ta bazu ta yi shar. Kullum bayan la'asar Fadila na shimfiɗa tabarmar Inna a wurin, ta dafa shayi. Hafizu kan zauna a ƙasa gefen tabarmar, har yau bai iya hawa kanta ba.

Darasi: Kowace shuka da wurin da ya dace da ita, haka ma mutum. Kafin ka raina maganar tsoho saboda abin da ka gani a waya, tuna shi da hannunsa ya koya. Kuskuren rana ɗaya yakan ɗauki shekaru kafin ya gyaru, iyaye kuwa ba lallai su kai lokacin ba. Ku tura wa duk wanda nasa ke raye, ko ya ankara da wuri.