Mangwaron da Aka Yi wa Aure

Akwai wani tsoho a cikin wani babban birni, sunansa Zakka. Aikin lambu ya yi tun ƙuruciya har bayansa ya tanƙware. Ba shi da gida, ba shi da fili ko na taku ɗaya, ɗaki guda yake haya a bayan kasuwa. Ya reni itatuwan mutane da yawa, amma babu wanda zai nuna ya ce nasa ne.

A mararrabar da ke gaban kasuwar nan kuwa akwai wani tsohon mangwaro da mutane suke kira Mai Zuma. Ba wanda ya san wanda ya dasa shi. 'Ya'yansa manya ne, ba tsami, ba zaren nan mai maƙalewa a haƙori, in an yanka ɗaya ƙamshinsa sai ya cika ɗaki. Masu jiran mota suna fakewa a inuwarsa, mata masu tuya suna kasa kayansu a gindinsa. Marar lafiya kuwa in ya ƙi cin komai, sai a ce, "A samo masa na mararraba." Mutane da yawa sun kai ƙwallonsa gida sun shuka, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba, abin da ya fito tsami ne zalla. Irin wannan itace ba ya gadar da zaƙinsa ta ƙwallo, sai ta reshe.

Ana nan sai wata rana aka zo aka shafa wa jikinsa jan fenti, aka ce za a faɗaɗa hanya. Mutanen birni suka yi ta surutu, wannan ya ce kaico, wancan ya ce assha, amma ba wanda ya ɗaga ko ɗan yatsa. Shekara da shekaru suna shan itacen nan, ranar da ya shiga uku kowa ya naɗe hannu! Zakka kaɗai ya ɗauki wuƙarsa, ya je ya yanko ƙananan rassa bakwai don ya yi musu aure.

Ku 'yan birni da ba ku taɓa riƙe fartanya ba, na ga kuna murmushi. Bari in gaya muku abin da masu lambu suke kira aure. Ana samo ƙaramin mangwaro na banza, irin wanda yake tsirowa a bola, mai ƙarfin saiwa amma ɗansa ba ya shawuwa. Sai a yanke kansa, a tsaga gindin, a cusa reshen itace mai kyau a ciki, a ɗaure tamau da leda. In Allah ya sa ya kama, gindin ya riƙa jawo ruwa daga ƙasa, reshen ya riƙa ba da 'ya'ya. Shi ne ake ce wa mangwaro mai aure.

Cikin bakwai ɗin nan, shida suka bushe, ɗaya ya kama. Kafin ya fitar da ganye na uku, katafila ta zo ta tumɓuke Mai Zuma, aka faskara shi aka yi itacen girki, aka malala kwalta a inda yake. A duk faɗin birnin nan, abin da ya rage na Mai Zuma shi ne wannan ɗan reshe da bai kai kaurin yatsa ba, a cikin tsohon bokiti, a ƙofar ɗakin haya.

Itace ba ya girma a bokiti. Saboda haka Zakka ya ɗauke shi ya kai gidan wani mutum mai suna Habila. Shi Habila dattijo ne a ikilisiya, yana da gida mai katanga da rijiya da fili, mutum ne kuma mai son a gani a yaba.

Zakka ya ce masa, "Ɗana, amana na kawo maka. Wannan shi ne ƙarshen Mai Zuma. In ya mutu, an gama."

Habila ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Kamar ɗan cikina zan riƙe shi."

Zakka ya haƙa rami da hannunsa, ya zuba taki, ya dasa. Sa'an nan ya kama hannun Habila ya ɗora a kan ɗaurin ledar, ya ce, "Ga wurin auren. Abin da ya fito sama da nan na Mai Zuma ne. Abin da ya tsiro ƙasa da nan na bola ne. Ko ya yi kyau kamar me, ka tsinke shi ka yar."

Habila ya ce, "Na ji, Baba." Amma da kunne kawai ya ji. Hankalinsa ya riga ya tafi ranar da za a riƙa nuna gidansa ana cewa a nan Mai Zuma ya tare.

Ba a daɗe ba ciwon ido ya kama Zakka, 'yarsa ta zo ta tafi da shi wani gari mai nisa don a yi masa magani.

Da damina ta sauka, sai ga tsiro uku sun ɓullo daga gindin, ƙasa da ɗaurin. Suka miƙe sambal, masu kauri, ganyensu faffaɗa yana sheƙi. Reshen Mai Zuma kuwa yana nan siriri, a karkace, da 'yan ganyensa, yana tafiyar hawainiya. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce, "Kai, Dattijo, itacen nan ya yi kyau! Amma wannan karkataccen na tsakiya fa, da ledarsa kamar mai ciwon ƙafa?" Maganar nan ta riƙa cin Habila a rai, har wata safiya ya ɗauko adda.

Matarsa Afiniki tana ɗibar ruwa a rijiya, ta ajiye guga ta ce, "Baban Murna, tsaya! Ba shi ne Baba Zakka ya ce a bari ba? Na ƙasan ya ce a cire."

Habila ya yi dariya, ya ce, "Maman Murna, yau ke za ki koya mini ma'anar aure? Aure nawa na tsaya a kansa a ikilisiya? In an ɗaura aure, biyu sun zama ɗaya. Tunda an aurar da su, gindi da reshe duk abu ɗaya ne. Kowanne na bari, Mai Zuma ne."

Ta ce, "Ni dai ba haka na ji tsohon ya faɗa ba."

Ya ce, "Je ki ji da girkinki."

Kai, jama'a! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mutumin da bai taɓa dasa ko barkono ba, ya ɗauko wa'azin ɗaurin aure ya kai gindin mangwaro, har yana gyara wa mai lambu magana. Duk lokacin da na zo nan a misalin nan sai in ji raina ya ɓaci, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Sara ɗaya Habila ya yi. Reshen da tsoho ya ceto daga bakin katafila ya faɗi ƙasa, Habila ya ɗauka ya jefa wa akuya, ta tauna ta haɗiye.

Tsiron nan uku kuwa, da suka sami ruwa da taki su kaɗai, sai suka yi ta girma. Shekara shida, itace ya wuce katanga, ya rufe rabin titi da inuwa. Habila yana tsayawa a ƙofar gida yana gaya wa masu wucewa, "Kun tuna Mai Zuma? To, ga shi nan, a gidana ya tare." Da itacen ya yi huda ya zuba 'ya'yan fari, Habila ya hana kowa taɓawa, ko shi kansa bai ɗanɗana ba. Ya ji labari Zakka ya dawo birni, an gyara masa ido ɗaya, saboda haka ya sa rana, ya gayyaci maƙwabta da mutanen ikilisiya, ya shimfiɗa tabarmi, don a sha na fari a gaban tsohon, a yaba masa a kan riƙon amana.

Zakka ya shigo yana dogara sanda. Mutane suna ta nuna masa sama, suna cewa, "Baba, dubi girmansa, dubi 'ya'yansa!" Bai ɗaga kai ba. Ya wuce kai tsaye zuwa gindin itacen, ya durƙusa da ƙyar, ya riƙa laluba da hannu a tsakanin manyan rassan nan uku. A nan ya sami wani ɗan busasshen kututture, da guntuwar tsohuwar leda a jikinsa. Ya daɗe a durƙushe yana shafa shi.

Habila bai lura ba. Ya tsinko mangwaro mafi girma, ya yanka, ya gatsa a gaban jama'a. Nan take fuskarsa ta yamutse, tsami ya kashe masa haƙora, zare ya cika masa baki. Waɗanda aka miƙa wa suka gatsa, kowa ya juya yana tofarwa a bayan tabarma.

Zakka ya miƙe cikin fushi, ya ce, "Habila, ina reshena?"

Habila ya sunkuyar da kai. Afiniki ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta ce, "Akuya ta cinye shi, Baba, shekara shida ke nan."

Zakka ya ce, "Na kama hannunka na ɗora a wurin. Da hannunka ka taɓa! Abu ɗaya tak na roƙe ka. Shekara shida kana ɗibar ruwan rijiya kana shayar da bola, kana kiranta Mai Zuma."

Habila ya ce, "Baba, na zaci tunda an yi aure, sun zama ɗaya."

Zakka ya ce, "An yi aure, amma gindi bai taɓa manta asalinsa ba. Shi ya sa ake tsaye a kansa da wuƙa."

Sai Habila ya kama rigar tsohon, ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Zan sare waɗannan yau ɗin nan. Ka sake yi masa aure."

Zakka ya janye rigarsa, ya ce, "Da wane reshe? Uwar tana ƙarƙashin kwalta, ɗanta guda kuwa ka ba akuya." Ya ɗauki sandansa ya fita, bai ƙara taka gidan ba. Itacen kuwa ya ci gaba da tsayuwa, kowace shekara yana zubar da 'ya'ya suna ruɓewa a ƙasa. Ko yaran unguwa ba sa jifansa.

To, ga ma'anar wannan misali, mai kunne ya buɗe shi da kyau. Gindin nan da aka samo a bola, tsohon halinmu ne. Reshen Mai Zuma shi ne sabon rai da Ubangiji ya ɗaura a jikinmu, ba don mun cancanta ba. Habila kuwa, kada kowa ya waiwaya yana neman shi a bencin baya. Yana zaune a inda kake zaune.

Habila shi ne mai cewa, "An yi mini baftisma, sunana yana cikin littafin ikilisiya, saboda haka duk abin da ya fito daga wurina mai tsarki ne." Ƙarya kake yi! Gindi bai manta asalinsa ba. Ka zagi matarka a gaban 'ya'yanta, ka ce kishin gaskiya ne. Ke kuma kin kwashi asirin maƙwabciyarki kin baza a taron mata, kin sa masa suna roƙon addu'a. Wani yana murƙushe na ƙasa da shi a wurin aiki, ranar Lahadi shi ne mai babbar murya a waƙa. Duk wannan tsiron ƙasa da ɗauri ne. Yana saurin girma, yana da ganye, mutane suna tafa masa, shi ya sa kuke ba shi ruwa.

Ɗan reshen kirki kuwa ba ya ɗaukar ido. Haƙuri ba ya sheƙi. Ka je ka ce wa ɗan'uwanka, "Na yi maka laifi, ka gafarta mini," ba wanda zai tafa maka, wataƙila ma a ce ka yi laushi. Shi ya sa da baƙi suka fara magana kuke jin kunyarsa, ku ɗauko adda. An kuma sa Afiniki a gidajenku, mai cewa "tsaya", amma kuna korar ta zuwa madafa domin ba ta da muƙami.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba Habila kaɗai ya yi hasara ba. Amana aka ba shi ta dukan birni. Marar lafiyan da zai ce a samo masa na mararraba, yanzu me za a kai masa? Haka 'ya'yanku da maƙwabtanku suke zuwa gindinku da yunwa, sun ji an ce a gidan nan akwai zuma, su gatsa su tofar, su tafi suna cewa ashe duk abin nan ganye ne. Wasu daga cikinsu ba za su ƙara ɗanɗanawa ba har abada, alhakinsu kuwa yana wuyanku.

Ku gode wa Allah da yake shi ba kamar Zakka ba ne, reshensa bai ƙare ba, naku kuma bai riga ya shiga cikin akuya ba, tunda kuna numfashi kuna jina. Amma kada wanda ya ce sai gobe. Ka koma gida yau, ka duba abin da ya fi girma a rayuwarka, abin da ake yaba maka a kai, ka bi shi da hannu har ƙasa, ka ga daga ina ya tsiro. In ƙasa da ɗauri ne, ka tsinke shi ko da zai yi maka ciwo. Gama ranar da Mai lambu zai zo, ba zai ɗaga kai ya dubi ganyenka ba. Gindinka zai nufa, ya durƙusa, ya nemi reshensa.