Shirun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Bushiya ce mai unguwar bakin rafi. Rannan Dila ya zo da sunan ɗan aiken Sarauniya Giwa, Bushiya ta nuna masa ɓoyayyiyar ƙofar rumbun unguwa. Ya kwashe hatsin tas.

Kwana uku tana dunƙule don kunya, sannan ta je fada.

"Ranki ya daɗe, ni na buɗe wa ɓarawo."

Giwa ta miƙo hanci ta share mata hawaye. "Ƙanwata, shirunki ya fi satar ciwo. Jiya ma Dila ya yaudari unguwa biyu."

Nan aka kafa doka: wanda aka yaudara ya sanar da fada nan take, ba mai tsawata masa, fada kuma ta turo taimako.

"Dangarki ai dangata ce," in ji Giwa.

Ƙurunƙus kan kusu, ku kai wa maƙwabta!