Injiniyan da Ya Ƙi Mutuwa

Akwai wani ɗan wasa da kowa ke kira Injiniya, alhali ko kwan fitila bai iya canzawa ba. Ya samo sunan ne daga wani shirin talabijin mai dogon zango, labarin mutum huɗu da ke tafiya a jirgi tsakanin taurari: Kyaftin, Matuƙi, Likita da Injiniya. Mutumin ya iya wasa, wannan ba abin musu ba ne. Ciwonsa ɗaya, zargi. In mutum biyu suka yi dariya a bayansa, to da shi suke. In mai kwalliya ta daɗe a kan fuskar wani, to akwai abin da ake ƙullawa. Ni dai ban taɓa ganin mai wahalar da kansa a banza irinsa ba.

Kawunsa ne ya kawo shi harkar, ƙanen mahaifiyarsa, kuma shi ke fitowa a Likita. Akwai wani sirri tsakaninsu. Idon Kawu ya fara dushewa, har ba ya iya karanta takardar wasa. Saboda haka kullum da safe sai su tsaya cikin mota a bakin ƙaton siton da ake ɗaukar shirin, Injiniya ya karanta masa maganganunsa, shi kuma ya haddace. Da sun shiga ciki, Kawu ya san mazaunin kowace kujera da kowane maɓalli a jirgin katakon da aka gina a ciki don shirin, babu mai gane komai.

Ana nan, labari ya kawo inda injin iskar jirgin ya lalace. Iskar da ta rage za ta ishi mutum uku su kai inda za su, amma ba za ta ishi huɗu ba. Dole ɗaya ya shiga ɗan ƙaramin jirgin da ke maƙale a gefe, a sake shi cikin duhu. A cikin shirin, mutanen nan huɗu sun koma kallon juna da gefen ido, kowa na kwana da ƙofarsa a kulle. Masu kallo kuwa ba su da zance sai na wa za a fitar.

Darakta ya tara su huɗun a tsakiyar jirgin, ƙarƙashin fitilu, ya ce, "Ba na son maganar nan ta fita kafin ranar haskawa. Don haka kowannenku zan ɗauki fitarsa. Kowa zai tsaya a bakin ƙofar can ya ce shi ya yarda ya tafi. Wadda za a saka a ciki, daga ni sai mai tace hoto muka sani."

Tun daga ranar Injiniya ya daina cin abincin kirki. A wurinsa, fita daga jirgin fita ce daga aiki, kuma ba shi da wata sana'a. Ya shiga lura da kowa. Ya ga Kyaftin ta fito daga ofishin Darakta tana murmushi. Ya ga Matuƙi ya kashe waya da sauri da ya hango shi. Abin da ya ƙarasa shi kuwa tela ne, da ya zo da igiyar awo ya auna masa kafaɗa da tsawon hannu.

"Na mene ne?" in ji Injiniya.

"Rigar fita daga jirgi."

"Sauran fa, ka auna su?"

"Su tsohuwar nan za su yi karɓa-karɓa da ita. Kai aka ce in ɗinka wa sabuwa."

Washegari a mota, takardar na hannunsa amma ya kasa karantawa. Ya ce, "Kawu, ni za su kashe. An gama magana."

Kawu ya yi dariya ya ce, "To sai me? In an kashe ka, ka mutu da kyau, yadda za a daɗe ana tunawa da kai."

"Kai da sauƙi a bakinka. Jiya me kuke faɗa da Darakta a bayan kyamara?"

Kawu ya juyo ya dube shi da idanun nan nasa masu hazo. "Yanzu har ni, ɗan nan? Shayi ya tambaye ni ko zan sha. Karanta mini, lokaci na tafiya."

Amsar ba ta gamsar da shi ba. Shi fa ya riga ya yanke cewa kowa na neman tsira da kansa, kuma wanda ya tsaya kunya shi za a jefa waje. Sai ya shirya dabara biyu, yana ganin ya fi kowa wayo.

Ta farko, ranar da aka zo ɗaukar fitarsa, ya ɓata ta da gangan. Tunaninsa shi ne, in ba ta yi kyau ba, ba yadda za a yi a saka ta. Ya sa sabuwar rigar, ya tsaya a bakin ƙofa, ya riƙa faɗin maganar kamar mai karanta sanarwa. Inda ya kamata muryarsa ta karye, sai ya yi tari. Aka sake, aka kuma sakewa, har mai kyamara ya fara tsaki. Darakta bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi a kashe fitilu.

Ta biyun ita ce mai muni. Ya bi Darakta ofis, ya tura ƙofa, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, ba don ina so ba, sai don kishin shirin nan. Likita fa ba ya gani sosai. Ni nake karanta masa komai. In dai ana neman wanda za a sallama, gara wanda ƙarfinsa ya ƙare."

Darakta ya ajiye alƙalaminsa. "Ba kawunka ba ne?"

"Shi ya sa na sani."

"To, na ji," in ji Darakta.

Da aka zo kan Kawu, ya sa tsohuwar rigar da ta yi masa yawa. Bai san an kai maganarsa ba. Ya dubi abokan tafiyarsa ya ce, "Na daɗe ina shaƙar iskar nan, ku yanzu kuka fara. Ku buɗe ƙofofinku ku yi barci, ba sauran abin tsoro." Sannan ya juya, yana shafa bango da hannu har ya sami ƙofar. Kyaftin kuka take na gaske, mai kwalliya ma tana share ido. Injiniya kuwa, Allah ya shirye shi, daɗi ya ji a ransa, don ya san wannan za a saka.

Ita ɗin aka saka. Ranar haskawa duk ma'aikata suka taru a sito suka kalla tare. Da Likita ya shige ɗan jirgin aka rufe, Injiniya ya sauke ajiyar zuciya. Ya tsira.

Sai Darakta ya miƙe ya yi godiya, ya ce yanzu zai iya faɗin abin da ya ɓoye. Labarin babban jirgi ya ƙare a nan, gobe kafintoci za su fara kwance shi. Zango na biyu gaba ɗaya zai bi wanda ya fita ne, shi kaɗai a ɗan jirginsa, har ya faɗa wata duniya.

Injiniya ya miƙe zumbur. Ya tare Darakta a bakin ƙofa. Darakta ya ce, "Da kai aka rubuta shi tun farko. Rigar da aka ɗinka maka ta shekara guda ce, ba ta yini ɗaya ba. Amma ka ba ni abin da ba zan iya nuna wa mutane ba, sannan ka zo ka nuna mini ko kai wane ne. Maganar ido kuma na gode. Na tambaye shi, bai ɓoye ba. Za mu ɗaukar masa mai karatu."

Shi da Kawu suka shiga mota, suka kama hanyar gida. Kunya ta hana Injiniya ko juyawa. Can Kawu ya ce, "Darakta bai gaya mini wanda ya faɗa masa maganar idona ba. Ban kuma tambaya ba, tunda mutum ɗaya na gaya wa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ya ce in zaɓi mai karanta mini. Na ce ina da ɗa. Uwarka ba za ta ji wannan daga bakina ba."

Haka aka yi. Tela ya rage kafaɗar sabuwar rigar ta zauna wa Kawu daidai. Yau in ka shiga siton, za ka ga Injiniya a kan wani ɗan benci bayan kyamara, inda haske ba ya kaiwa, yana karanta wa kawunsa maganganun da aka rubuta dominsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsoron rasa abinci ba hujja ba ce ta cin amana. Mai zargi yakan ga alama ta gaskiya ya yi mata mummunar fassara, ya rushe alherin da ke tafe gare shi da hannunsa. Ka yi aikinka da zuciya ɗaya ko da kana ganin shi ne na ƙarshe, ka kuma riƙe sirrin wanda ya yarda da kai, musamman ranar da tona shi zai yi maka amfani.