Yadda Goggo Tambai Ta Samo Sunan Zankalisa

Sarki Jatau na Birnin Kanwa, jikan masu takobin azurfa, mai rumbu dubu da raƙuma jajaye jajaye, sai da ya shekara ashirin yana roƙon haihuwa kafin Allah ya ba shi 'ya mace, santaleliya, mai ido dara-dara. Ana cikin guɗa sai ga saƙon Durƙusau, sarkin aljanun Dutsen Baƙi: duk sunan da aka taɓa raɗa wa mutum ko aljan yana rufe a gorunansa, kuma ranar suna da shi zai kira jaririyar, ta bi shi har abada, sai fa in an samo sunan da babu shi a ciki.

Sai Goggo Tambai, ƙanwar uban sarki, tsohuwar da ba a haihuwa ko saki a garin ba ta riga kowa ji ba, ta ɗaure zane ta ce, "Ranka ya daɗe, a tanadi rago. Ni zan je."

Ta ƙetare kogin madara, ta ratsa birnin da katangunsa madubi ne, inda ta ɓata rabin yini tana gyaran ɗankwali, rana ta shida ta durƙusa gaban Durƙusau, ga fadawansa masu kai bakwai-bakwai jere reras.

"Allah ya ja zamanin sarki. Delu fa?"

Wani gora ya amsa, "Delu!"

Ta ce Kande, gora ya amsa. Ta zazzage sunayen duk matan da ta taɓa yi da su, kaf goruna suka amsa. Gumi ya karyo mata. Sai kawai ta buɗe baki, abin da ya zo ya fito: "Zankalisa!"

Shiru. Ko gora ɗaya bai motsa ba.

Durƙusau ya murtuke. "Tsohuwa, suna marar ma'ana ba suna ba ne. Mene ne fassararsa?"

Goggo, wadda ta shekara sittin tana ƙara wa labari gishiri, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Haba, ranka ya daɗe, gwada ni kake? A harshen mutanen bayan teku na bakwai ai 'wadda ta makara amma aka ajiye mata tuwo' ke nan. Yaran fadarka ma sun sani, balle kai."

Fadawa suka zuba wa sarkinsu ido. Ya shafa gemu, ya yi gyaran murya. "Haka ne. Na san harshen. Jeki, 'yar taku ce."

Washegari da hantsi ta iso gida a kan guguwa, wanzami na wasa aska. Liman ya ji sunan ya ce, "Goggo, a wane littafi yake?"

"Malam, raɗa kawai, rago na jira."

Ya raɗa, aka shafa fatiha, yarinya ta yi barcinta a cinyar uwarta. Kafin damina ta zagayo an sami Zankalisa tara a garin, kowace uwa da fassarar da take rantsuwa a kai, kuma duk a bakin Goggo suka ji. Allah ya raya su baki ɗaya.