Naman Kirsimetin Kaka Nuala

Akwai wata yarinya a birnin Cork, sunanta Dervla. Ko ruwan shayi ba ta iya jira ya tafasa.

Ranar jajibirin Kirsimeti, kakarta Nuala ta aike ta kasuwa, don bana ciwon gwiwa ya hana tsohuwar fita. Abu ɗaya take so: naman sa mai yaji, wanda in babu shi a tebur, ba a yi Kirsimeti ba ke nan. Ga ɗanta zai iso daga Ostireliya washegari, ya yi shekaru bai ɗanɗana ba.

"Wajen Fintan mahauci za ki. Ki tsaya ki gaishe shi, kin ji?"

"Na ji, Kaka!" Ai har ta kai ƙofa.

Kasuwa ta cika maƙil. Ga Dervla tana son ta saya wa ƙawarta hular ulu kafin a tashi, ga layin Fintan ya ƙi motsi. Duk wanda ya zo sai Fintan ya tambaye shi ya jiki, ya yara, ya karen gida. Haba!

Da kyar aka zo kanta.

"To, 'yar waye wannan? Kamar na san fuskar nan."

"Baba, ba hira na zo ba. Naman yaji."

"Ayya, na kan tebur ya ƙare tun safe. Amma faɗa min, daga wane gida..."

"Da ka faɗa tun ɗazu!" Ta ja tsaki, ta yi gaba.

Ta ƙetare gada neman naman wajen wasu mahauta, ta dawo, ruwan sama na dukanta. Duk mahaucin da ta tambaya sai ya yi dariya. "Yau? 'Yar nan, sai dai na baɗi." Hular ma ta manta da ita. Da ta koma kasuwa, an rufe.

Ta nufi gida sharkaf, hannu rabbana, tana tunanin yadda za ta kalli idon Kaka.

Tana shiga sai ta ji dariya a kicin. Fintan ne zaune da kofin shayi, ga ƙunshin nama a tebur!

"Duk shekara nakan ɓoye na Nuala," in ji shi. "Da ban ga kowa daga gidan nan ba, na ce ko ba lafiya. Akwai dai wata guguwa da ta wuce ta gabana..." Ya ɗago kai. "Au! Ga guguwar ma."

Kaka ta ajiye kofi. "Dervla, matso ki gaya wa bawan Allah 'yar waye ke. Tun rana yake jiran amsa."

Darasi: Gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. Wanda ya ƙi tsayawa ya amsa ta, zai iya kewaye gari yana neman abin da aka ajiye masa. Ku tura wa wannan ƙawar taku mai shegen sauri, kun san ta ai!