Manomin da Ya Ce "Lafiya Lau Muke"

Akwai wani manomi a wani gari, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, sunanta Laraba. Laraba ta kai shekara talatin, amma hankalinta na ƙaramar yarinya ne, ba ta kuwa magana. Uban kaɗai ya san kanta. Ya san ba ta cin abinci in ana kallonta, sai an zauna gefenta, an juya mata baya, an fara kai loma. Abu ɗaya ke ci masa rai: ranar da ya kasa, wa zai ciyar da ita?

Amma mutumin nan akwai zurfin ciki. Ko sujada a coci ba ya zuwa da ita. In baƙo ya yi sallama, sai ya tura ta ɗakin baya.

Ana nan, sai hukuma ta ce za ta horar da ma'aikata masu bi gida gida su kula da irin su Laraba. Ta kafa majalisar iyaye domin su faɗi yadda aikin zai kasance. Wata mata, Maman Filibus, wadda ɗanta ma haka yake, ta zo wurin manomin.

Ta ce, "Baban Laraba, ranar Talata muke zama. Ka zo ka gaya musu halin yarinyar nan."

Ya ce, "Lafiya lau muke, Maman Filibus. Mun gode Allah."

"Baba, ba gaisuwa na zo yi ba. Ni ma fa abin nan yana gidana."

"In je gaban jama'a in tona asirin gidana? Allah da ya ba ni ita, shi zai dube ta."

Sau uku tana zuwa, sau uku yana sallamarta da godiya.

Iyaye suka zauna. Wata ta ce kada ma'aikata su sa farar riga, yara suna zaton allura ce. Wani ya ce a riƙa kashe babur tun daga nesa, ƙararsa tana tsorata yara. Hukuma ta karɓa, aka koya wa ma'aikata. Amma ba wanda ya ambaci mai ƙin abinci in ana kallonta, gama wanda ya san wannan yana can gona.

Da kaka ta yi, manomin ya faɗi yana yankan dawa. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Aka turo ma'aikaciya, mace mai kirki. Ta ajiye baburinta can nesa, ta shigo sanye da atamfa. Ta zauna gaban Laraba da kwanon tuwo, ta dube ta cikin ido tana murmushi, ta ce, "Ci mana, 'yar'uwata."

Laraba ta juya fuskarta ga bango.

Uban yana kwance a tabarma, yana gani. Ya yi ƙoƙari ya ce, "Juya mata baya," sai gurnani kawai ya fito. Matar ta zaci ƙishi yake ji, ta kawo masa ruwa. Haka kwana uku. Rana ta huɗu aka ɗauki Laraba zuwa asibiti, ita da ba ta taɓa wuce ƙofar gida ba. Ya ji kukanta har motar ta yi nisa, baƙin ciki ya cika shi, ba shi da ko hannun share hawaye.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: manomin, mu ne iyayen da Ubangiji ya danƙa wa irin waɗannan 'ya'ya. Abin da ka koya a shekara talatin na wahala ba abin kunya ba ne, amana ce. Ma'aikaciyar ba ta yi laifi ba, abin da aka faɗa mata ta yi. Mutumin nan ya ce Allah zai dube ta. Allah kuwa ya aiko har ƙofarsa sau uku, mutumin ya mayar da 'yar aiken.

Mu kuma ikkilisiya, mu tambayi kanmu: wane irin kallo muka yi wa iyalin nan, har uba ya ga ɗakin baya ya fi masa mu?

In an kira ka ka yi magana domin ɗanka, ka tashi ka je tun bakinka yana buɗuwa.