Taurarin da Ƙura Ta Rufe

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

An yi wani malamin ilmin taurari, Farfesa Gambo, wanda ya shekara ashirin yana cewa ana haihuwar sababbin taurari a cikin wani garken taurari mai nisa da ƙura ta lulluɓe. Abokan aikinsa suka mai da shi abin dariya, don in an duba da madubin hangen nesa ba a ganin komai sai duhu. Da idonsa ya fara mutuwa, sai ya kira ɗalibansa uku, Uwani da Barau da Talle, ya ce wanda ya tabbatar da maganar nan shi zai gaji kujerarsa.

Uwani ce mai kula da faifan rediyo, wani ƙaton kwano da aka girke a kan dutse don kamo saƙon rediyo daga sararin sama. Wata bakwai tana saita shi, tana tace hayaniyar wayoyi da injuna, har ran nan da hantsi wani siririn layi ya ɗago a allon kwamfutarta. Da ta lissafa, ta ga saƙon ya yi shekara miliyan ɗari yana tafe kafin ya iso kwanonta. Nan take ta shiga tasbihi. Amma Farfesa ya ce wannan kaɗai ba hujja ba ce, don baƙin ramin nan mai haɗiye haske ma yana fitar da irin saƙon.

Barau kuwa ya duƙufa kan hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka da hasken zafi, wanda ido ba ya gani. Ya gano ƙurar tana da ɗumi, kamar tokar da ta rufe garwashi. Sai dai tsofaffin taurari ma suna ɗumama ƙura.

Talle bai taɓa ko na'ura ɗaya ba. Awon Uwani da na Barau ya gwama, ya nuna ƙarfin rediyon da na zafin sun tafi kafaɗa da kafaɗa, yadda ba a samu sai inda ake haihuwar taurari.

Uwani ta karanta wa tsohon sakamakon. Da ta gama, sai ya share hawaye.

"Ashe suna nan, 'ya'yana," in ji shi. "Ban gan su ba, ku ma ba ku gan su ba, amma suna nan."

Uwani tana son kujerar nan har cikin ranta, amma da ta dubi 'yan'uwanta sai ta sunkuyar da kai. Kujera dai ɗaya ce.

To, jama'a, tsakanin wadda ta jiyo, da wanda ya gano ɗumin, da wanda ya haɗa su suka zama hujja, wa Farfesa zai ba?